TSILA DA DANGINTA: KOWACE TSUTSA DA HANYARTA, KOWACE DA MAGANINTA



A taron ƙungiya da muka yi bayan girbi, wani ɗan'uwa ya kawo kukansa. Sa ɗaya cikin shanun huɗarsa ya yi ta ramewa tun tsakiyar rani. Gashinsa ya tashi, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura. Sau uku yana sayen maganin tsutsa a kasuwa yana ba shi, amma ba sauƙi. Da ya ga san zai mutu a banza, sai ya kira mahauci. Da aka feɗe, aka tarar hantar ta yi tauri, cike da waɗansu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye. Ɗan'uwan ya ce an sayar masa da jabun magani.

Muka ce ya kawo kwalbar. Da muka karanta, muka ga maganin na kirki ne, sai dai ba na irin tsutsar nan ba ne. Ya yi hasarar kuɗin magani, ya yi hasarar sa, ga damina tana zuwa ba abin ja masa garma. Rashin sani ya fi dare duhu. Domin wannan muka ga ya kamata mu yi bayani a kan dangogin tsutsar ciki.

ME YA SA AKE RABA HALITTU DANGI DANGI?

A Littafin Farawa, sura 2, mun karanta cewa aikin fari da Allah ya ba Adamu a gona shi ne nomanta da kiyaye ta, sa'an nan ya kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Har yau masana suna kan wannan aiki. A shekarar 1758 wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Linayus, ya shirya tsarin da ake bi wajen ba dabbobi suna. Tsarin kamar yadda muke faɗin asalin mutum ne. Mukan ce wane ɗan masarautar Bukkuyum ne, daga gundumar Gwashi, ƙauye kaza, gidan wane. Haka kowace halitta take da babban dangi, da ƙaramin dangi, da gida, da sunan kanta.

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan makaranta ce kawai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In ka san gidan da tsutsa ta fito, ka san abu uku: inda take ɓuya, da hanyar da take bi ta shiga jiki, da maganin da yake kashe ta.

MANYAN DANGI BIYU

Tsutsotsin da suke damunmu da dabbobinmu sun kasu manyan dangi biyu.

Na fari su ne masu mulmulallen jiki kamar igiya. Macijin ciki na yara yana cikinsu, da ƙananan tsutsotsin da suke shan jinin tumaki da awaki da damina. Kurkunu ma ɗan wannan dangi ne. Manyanmu sun san wahalarsa, amma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an gama da shi a Nijeriya. Ba da allura aka gama da shi ba. An gane hanyarsa ce, watau ruwan sha, aka toshe ta da tace ruwa da haƙa rijiyoyi. Ku riƙe wannan misali.

Na biyu su ne masu faɗin jiki. Masana suna kiransu Filatihelmintis, daga harshen Girka, ma'anarsa tsutsa mai faɗi. Waɗansunsu suna zaman kansu a ruwa, ba su damun kowa. Amma gida uku a cikinsu ba su iya rayuwa sai a jikin wata halitta. Binciken ƙwayoyin gado na zamanin nan ya nuna gidajen nan uku 'yan'uwan juna ne na kusa. Ga su:

1. Gidan tsila, wanda masana suke kira Sestoda. Jikinsu dogo ne, gaɓa gaɓa.
2. Gidan masu kamar ganye, watau Tirematoda. Tsutsar hanta da tsutsar tsargiya suna nan.
3. Gidan masu manne wa kifi, watau Monojiniya.

Akwai hali ɗaya da gida na fari da na biyu suka yi tarayya a kai, shi ne kuwa zuciyar wannan bayani. Kusan dukansu ba su iya cika rayuwarsu a jiki ɗaya. Sai sun yi ƙuruciya a jikin wata halitta, sa'an nan su girma su yi ƙwai a jikin wata dabam. Masauki biyu ke nan, da hanya a tsakani. Wanda ya tare hanyar ya gama da tsutsar.

GIDAN TSILA

Tsila ba ta da baki, ba ta da hanji. Tana kwance a cikin hanjin mai ɗauke da ita, tana tsotsar narkakken abinci ta fatar jikinta. Kanta ƙarami ne ƙwarai, bai fi kan allura mai ƙulli ba. A kan akwai abin mannewa guda huɗu masu aiki kamar ƙahon wanzami, waɗansu kuma suna da ƙugiyoyi. Daga wuya sababbin gaɓoɓi suke fitowa, tsofaffin suna matsawa baya. Kowace gaɓa tana da namiji da mace a cikinta. In ta cika da ƙwai sai ta tsinke ta fita. Saboda haka in an sha magani jiki ya fito amma kan ya zauna, bayan wata biyu ko uku tsila ta komo kamar dā. Masana sun san irin tsila fiye da 5,000. Huɗu ne suka shafe mu.

Tsilar naman shanu. Sunanta Teniya saginata. Ita ce wadda yawancinmu muka sani, mai fitar da fararen gaɓoɓi masu motsi a bayan gida, wani lokaci har a wando. Tsawonta yakan kai mita 5 zuwa 10, gaɓoɓinta 1,000 zuwa 2,000, gaɓa ɗaya kuwa tana iya ɗaukar ƙwai har 100,000. Babbar tana zaune a hanjin mutum kaɗai. Mutum ya yi bayan gida a daji ko a gona, ƙwai ya zauna a ciyawa, saniya ta ci. A jikin saniya ƙwan yakan zama ɗan farin ƙunshi mai ruwa, kamar ƙwayar shinkafa ko wake ƙarami. An fi samunsa a naman kunci, da harshe, da zuciya. Wanda ya ci tsire ko balangu da bai gasu har ciki ba, ya haɗiye shi da rai. Ku lura: saniya ba ta ɗauka daga saniya, mutum ba ya ɗauka daga mutum. Daga mu take zuwa wurin shanu, daga shanu ta komo wurinmu.

Tsilar naman alade. Sunanta Teniya soliyum, Linayus ne ya raɗa mata a 1758. Gidansu ɗaya da ta shanu, ta fi ta gajarta, amma ta fi ta mugunta nesa. A nan Zamfara kiwon alade ba abu ne da aka saba gani ba, amma da yawa cikinmu muna da dangi a ƙasar Zuru, inda ake kiwonsa, muna zuwa biki muna cin abinci tare. A 1855 wani likitan Jamus mai suna Kushenmaista ya nuna cewa fararen ƙwayoyin da ake gani a naman alade su ne suke zama tsila a cikin mutum. Muguntarta ita ce, ƙwanta yana iya ƙyanƙyashewa a jikin mutum kamar yadda yake yi a jikin alade. In mai tsilar bai wanke hannu ba ya taɓa abinci, ko kashinsa ya shiga ruwan sha, wanda ya haɗiyi ƙwan zai sami ƙunshin nan a nama, ko a ido, ko a ƙwaƙwalwa. In ya zauna a ƙwaƙwalwa yakan kawo ciwon kai mai tsanani da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da tsilar nan ta yi yawa, wajen kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi.

Ku ji wannan da kyau. Mutumin da bai taɓa sa naman alade a bakinsa ba yana iya kamuwa da wannan ciwo na ƙwaƙwalwa ta wurin ƙazantar wani. Maƙwabcinmu Musulmi da yake sayen abinci a hannunmu, ko yake ɗibar ruwa inda muke ɗiba, haƙƙinsa yana wuyanmu. Ƙaunar maƙwabci ta haɗa da masai da sabulu.

Kuma kada a ce kowace farfaɗiya tsila ce, kada a ce aljannu ne. Mutanen Anka da Bukkuyum ba za su manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta sa yara suna ta sanƙarewa, ɗaruruwa suka mutu. Mai farfaɗiya asibiti za a kai shi, likita ya nemo dalili.

Tsilar kare. Akwai iri da dama waɗanda babbarsu take zaune a hanjin kare, 'ya'yan kuwa a jikin tumaki, da awaki, da shanu, da raƙuma. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga wata 'yar jaka mai ruwa tana reto a kitsen ciki. 'Yar tsilar kare ce. Wata irin takan zauna a ƙwaƙwalwar tunkiya, tunkiyar ta riƙa juyawa wuri ɗaya har ta faɗi. Mafi hatsari ita ce Ekinokokus. Babbarta ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma 'yarta takan yi ƙunshin ruwa a hanta ko huhu wanda yake iya kai girman lemo ko ya fi. Mutum ma yana kamuwa, musamman yaran da suke wasa da kare. Sau da yawa sai an yi aiki a asibiti kafin a raba shi da ita. Yaya kare yake samu? Mu muke ba shi. Mun yanka dabba, mun ga hanta ko huhu ba kyau, sai mu jefa wa kare. Da hannunmu muke shuka ta.

Tsilar tumaki da ta kaji. 'Yan tumaki da 'yan awaki sukan fitar da fararen gaɓoɓi a kashinsu da damina. Wannan Moniziya ce, masaukinta na fari waɗansu 'yan ƙwari ne na cikin ciyawa da ido ba ya gani sosai. Kaji da zabi suna da tasu, suna samu ta wurin cin tururuwa, da ƙwaro, da ƙuda. Waɗannan ba su kama mutum. Ba a cika jin sun kashe babbar dabba ba, amma suna hana ƙanana girma.

GIDAN MASU KAMAR GANYE

Waɗannan ba su da gaɓoɓi. Suna da baki da hanji. Abin da ya haɗa dukan waɗanda suke damunmu a wannan gida shi ne, masaukinsu na fari 'yar katantanwar ruwa ce. In ba katantanwa, ba su.

Tsutsar hanta. Ita ce ta ci san ɗan'uwanmu. Irin da muke da ita a nan sunanta Fasiyola jigantika, takan kai santimita 7, kusan tsawon ɗan yatsa. Tana zaune a hanyoyin matsarmama cikin hanta. Ƙwanta yana fita a kashin dabba. In ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya nemi katantanwa ya shiga. A ciki ɗaya yakan zama ɗaruruwa. Bayan makonni su fito su manne a ciyawar bakin ruwa, su rufe kansu da ɓawo suna jira. Dabba ta ci ciyawar, su huda hanji su tafi hanta. Cikin wata uku zuwa huɗu sun girma suna ƙwai.

To, ku duba yadda muke kiwo. Da rani ciyawar tudu ta ƙare, kowa ya gangara da dabbobinsa fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, da bakin tafkuna inda ruwa yake janyewa. Nan ne ciyawa take kore, nan ne kuma katantanwa take. Shi ya sa ciwon yakan bayyana a ƙarshen rani, daidai lokacin da dabba ba ta da ƙarfi, manomi kuwa yana bukatarta. Alamunsa su ne rama, da farin ido don rashin jini, da kumburi ƙarƙashin haɓa, da raguwar nono. Jajayen tsutsotsi gajeru masu kauri da mahauta suke gani manne a tumbi, su ma 'yan wannan gida ne, ta katantanwa suke zuwa.

Tsargiya. Mutane da yawa za su yi mamaki in sun ji cewa fitsarin jinin yaranmu da ruɓewar hantar shanunmu gida ɗaya suka fito. Wani likita mai suna Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1915 wani masani mai suna Lifa ya tabbatar, can a Masar, cewa ta katantanwa take bi. Sunanta Shistosoma. Ta bambanta da danginta ta hanya biyu. Tana da namiji dabam da mace dabam, suna zaune manne da juna cikin jijiyoyin jini shekara da shekaru. Kuma ba sai an haɗiye ta ba. 'Ya'yan da suka fito daga katantanwa suna iyo a ruwa, su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai su, ko mai dashen shinkafa.

Iri ɗaya tana zaune kusa da mafitsara, ita ce mai sa fitsarin jini. Ɗaya kuma tana kusa da hanji, takan kumbura hanta da saifa. Ƙwan yana komawa ruwa in mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a ciki ko a bakinsa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya. Inda duk ruwa ya kwanta, ko tafki, ko kududdufin da ambaliya ta bari kamar wadda ta sami Gummi a 2024, ko magudanar noman rani irin ta madatsar Bakolori da aka gama a 1978, katantanwa takan sami wurin zama.

Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne. Ciwo ne. Yana rage jini, yana hana yaro girma da karatu. In ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata yakan kawo ciwon mara, da miki a al'aura, har da wahalar samun haihuwa.

GIDAN MASU MANNE WA KIFI

Waɗannan ƙanana ne ƙwarai, suna manne a fata da hancin numfashin kifi. Masauki ɗaya gare su, daga kifi zuwa kifi suke tafiya. Ba su kama mutum. Masu kiwon tarwada a tafki su lura: cunkoso da ruwa mai dauɗa ne suke ba su ƙarfi.

KOWANE DANGI DA MAGANINSA

Mun rubuta sunayen nan yadda suke a jikin kwalba domin ku iya gane su a kanti.

Ivermectin da Levamisole na masu mulmulallen jiki ne. Su kaɗai ba su kashe tsila, ba su kashe tsutsar hanta. Irin wannan ɗan'uwanmu ya saya har sau uku.

Albendazole yana kashe masu mulmulallen jiki da tsilar tumaki. Yana kashe manyan tsutsar hanta in an ba da awon da ya dace, amma ba ya taɓa ƙananan. Kada a ba dabbar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba.

Na tsutsar hanta su ne irin su Triclabendazole, da Nitroxynil, da Oxyclozanide, da Closantel. Na farin ne yake kashe har ƙananan.

Praziquantel, wanda aka gano a Jamus wajen 1972, shi ne maganin tsargiya da tsila, ga mutum da kare. Shi ne ake raba wa yara a makarantu, ana auna tsawon yaro a san ƙwaya nawa zai sha. A ba yaro abinci kafin ya sha. Amma ba ya kashe tsutsar hanta, ko da yake gidansu ɗaya da tsargiya. Wanda yake da farfaɗiya ko ciwon kai mai tsanani kada ya sha sai likita ya duba shi.

Kafin ku sayi magani, ku nemi malamin dabbobi. Mun san rashin tsaro na shekarun nan ya sa ba kullum yake iya zuwa ƙauyukanmu ba. In haka ne, a kai masa kashin dabbar a leda, ko a yi masa waya a faɗa masa alamun. A karanta kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Magani yana kashe tsutsar da take ciki yau. Ba ya hana ta gobe. Ga inda za mu tare hanya:

1. Masai a kowane gida, da majami'a, da makaranta. Wannan abu ɗaya yana tare tsilar shanu, da ta alade, da tsargiyar hanji. A Maimaitawar Shari'a sura 23, aya 12 zuwa 14, an umarci jama'ar Allah su keɓe wurin bayan gida su kuma rufe shi da ƙasa. Dattawa su fara da gidajensu.
2. Nama ya dahu ko ya gasu har ciki, kada a ga ja. Mai yanka ya tsaga kunci da zuciya, ya duba harshe. Naman da ya cika da fararen ƙwayoyi a binne shi.
3. Hanta ko huhu mai ƙunshin ruwa a ƙone, ko a binne da zurfi. Kada a ba kare. A riƙa ba karnuka maganin tsila.
4. Masu alade su tsare su a garke, kada su yi yawo.
5. A wanke hannu da sabulu ko toka bayan an zaga, da kafin a taɓa abinci. Zumuntar Mata su ɗauki wannan a taronsu.
6. Inda akwai rijiya, a shayar da dabbobi a kwami maimakon tafki. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi maganin hanta, a ba dukan dabbobin ƙauye a mako ɗaya, a lokacin da malamin dabbobi ya nuna.
7. A hana yara fitsari a ruwa. Ruwan tafki in an ɗebo an ajiye kwana biyu, 'ya'yan tsargiya sun mutu, ana iya wanka da shi. Na sha kuwa a tafasa. Ranar rabon magani a makaranta, kada a ɓoye yaro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gida tara sun haƙa masai, na goma bai haƙa ba, shanun dukan goma ɗin suna kiwo a ciyawa ɗaya.

Muna roƙon kowane sakataren ƙungiya ya karanta wannan a taro na gaba. Ku ƙirga gidajen da ba su da masai, ku sa ranar gayya kafin ruwan fari ya sauka, ku aiko mana da labari. Ɗan'uwan da ya yi hasarar sa, ƙungiyarsa ta yi alkawari za ta huɗe masa gonarsa bana.

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da dabbobinmu. Amin.